Iccen da Ba a Sayar Ba

Asabar da hantsi muka bar Gusau,
Luba ta riƙe robar yaji kam a cinya,
Bashar na ƙirga raƙuma ta taga,
Shafa tun Maru barci ya sace ta,
sai a Bakura ta farka da tambaya:
"Baba, mun zo?" Na ce mun zo, ɗiya.

Gwaggo Tumba na tsaye bakin danga.
Kafin sannu sai da ta auna ni da ido:
"Wanga tumbi hwa? Birni ya karɓe ka."
Ta shafa kan yara, ta nuna ƙafafunsu:
"Ku aje takalma, lambu bai son baƙo."

Mangwaro goma sha ɗaya mahaifina ya dasa.
Goma Sanda ya sayar tun suna fure,
dillali ya zo ya shafa musu jan fenti,
suna tsaye a ƙasarmu, amma na mutane ne.
Na sha ɗayan, mai karkata kan rijiya,
Gwaggo ta ce ko da buhun kuɗi aka taho,
"Wanga na yara na. Ba a yi mai ciniki."

Na cire hula, na ce yau za su ga ubansu.
Reshen farko ya gane ni,
na biyu ya ce bai san ni ba.
Jajayen tururuwa suka yi mini maraba
daga wuyan riga har inda ba a faɗa.
Wando ya yi ƙara.
Luba ta juya baya, kafaɗunta na rawa.
Na sauko da ɗanye guda, da ganye a gemu.

Gwaggo ba ta tanka ba. Ta jawo gora mai ƙugiya,
ta damƙa wa Bashar: "Kada ka buga, lallaɓa.
Wanda ya nuna, da kansa yake sakin uwa."
Luba da Shafa suka ware zane a ƙasa,
tim, tim, har kwando biyu da rabin tasa.
Shafa ta huda guda, ta tsotsa, ta lumshe ido,
ruwan na bin hannu har gwiwa,
zare a haƙora, ƙuda na yi mata fada.

Da azahar aka shimfiɗa tabarma a inuwa.
Hoce mai zafi, an ɓarɓasa masa ƙuli,
kwaɗon zogale da albasar lambun nan,
fura a ƙwarya, ludayi ɗaya na zagayawa.
Bashar, da sai an roƙe shi a gida da taliyar leda,
ya suɗe akushi, ya ɗaga kai yana neman ƙari.

Da dare Sanda ya zauna kusa da ni a dakali.
Ban tambaye shi ba, shi ya fara:
kuɗin taki, injin ban-ruwa da ya mutu,
maganin Gwaggo na wata uku.
Na yi shiru. Ni da nake aiko gaisuwa ta waya,
me zan ce wa wanda ke ɗauke da kaya?

Lahadi, ɗumamen tuwon dawa da miyar sure.
Kafin la'asar Gwaggo ta fara korarmu:
"Ku tashi, hanya ba ta son marece."
Ta cusa wa Luba daddawa a ƙullin leda.

Mun wuce Mafara na ga aljihun Shafa ya jiƙe.
Ƙwallon mangwaro ne, ta tsotse shi fari fat.
"Zan shuka," in ji ta, "nawa, ba na sayarwa."
Gidanmu na haya ne, tsakar gida duk siminti.
Na buɗe baki.
Luba ta taɓa hannuna a kan sitiyari:
"Akwai tsohon bokitin nan da ya fashe a baya."