Rabin Ƙwaya

A Valparaíso gidaje a rataye suke jikin tsauni
kamar wanki a kan igiya.
Namu shuɗi ne, na bakwai in ka bi matakala,
a cikinsa ne, ƙarfe ukun dare,
zuciyata kan tashi ta bar ni kwance.

Babu ɓarawo, babu gobara.
Nibaldo na ta minshari, jiragen ruwa na barci a tasha,
ni kuwa ƙirjina na dukan uku-uku
kamar an aike ni na manta saƙon a hanya.

Goggo Clorinda ta ce sanyin teku ne ya shige ni.
Shekara arba'in tana kasa ganye a bakin kasuwa,
ta san kowane tsiro har da sunan uwarsa.
Ta ƙunsa mini toronjil a tsohuwar jarida,
da busasshen furen lemo,
da wata saiwa mai warin takalmin masunci.
"Ki tafasa, ki rufe kofin da faranti,
kada ƙamshin ya gudu da maganin."

Na tafasa, na rufe, na sha, wata huɗu.
Ba zan ci amanar ganye ba: ya yi mini rana.
Tafin hannuna ya ɗumama,
wani daren ma sai kukan tsuntsayen teku ya tashe ni.

Sai wata Talata a bakin aiki,
inda nake yankar tikitin akwatin katakon nan
mai hawa tsauni a kan dogo.
Wata mata ta miƙo kuɗi, na miƙa hannu,
iska ta ƙare a duniya.
Sulalla suka watse, suna gangara matakala ɗaya-ɗaya,
ina jin ƙararsu, ina cewa, shi ke nan,
Herminia, yau za a sauko da ke a ɗauke.

Likita Ibacache yarinya ce, da tawada a hannun riga.
Na zazzage mata jakata a tebur ina jiran dariya.
Ba ta yi ba. Ta shinshina kowane ƙulli,
ta ware guda mai furen rawaya:
"Wannan ba sa ga maciji da nawa. Sauran ki ci gaba."
Ta rubuta rabin ƙwaya kowace safiya,
ta ce kada in sa ido kafin mako shida.

Makon farko, tashin zuciya.
Na biyu, bakina ya bushe kamar na tauna auduga.
Na kan riƙe ƙwayar a tafi, fara, ƙarama,
ko ƙamshi babu, ko labari,
in ce, ke ce za ki riƙe mini tsauni?

Goggo ta ji labari. Lahadi uku ba ta tako ba.
Ta aiko Nibaldo da magana:
"Ashe hannuna ya daina albarka?"
Na haura gidanta da burodi mai zafi,
ta ba ni baya tana hura wuta.
Na buɗe gwangwanin sukari zan zuba mana,
sai ga ƙwayoyi a jere cikin takardar azurfa,
an ɓalle goma sha ɗaya.

"Na hawan jini ne," ta ce da tukunya.
"Wannan daban."
Na ce to. Na mayar da murfin.
Muka sha shayin babu sukari.

Yanzu a kan tagata akwai kofi da faranti a kansa,
kusa da shi wuƙar da nake raba ƙwaya.
Ban san wanda ya fi wani aiki ba,
na daina zama alƙalinsu.
Har yau wani daren nakan farka ƙarfe uku,
in ƙirga fitilun tasha, in kai ashirin da wani abu.
Jiya Goggo ta aiko sabon ƙulli.
Na kwance jaridar, na duba ciki:
babu furen rawaya.