Tawada Ta Bushe a Tawa

Shekara ashirin da shida ina buga hatimi
a cikin bangon littafi:
ranar ɗauka, ranar maidowa.
Wanda ya makara, na san ƙofar gidansu.
Yau na buɗe gwangwanin tawada,
ta bushe ƙamas, kamar bakin tabki da bazara.

Ba mutane ɗakin ya rasa ba.
Tun bakwai da rabi ƴan lise ke jira,
sai dai ba kanta suke nufa ba, bango suke nufa,
waya shida a ramin caji ɗaya
kamar ƴan awaki a nonon uwa.
Mushe Arzika, akwai kuran?
Ita ce gaisuwar.

Na yi fushi, wata biyu cur.
Na riƙa kakkaɓe ƙamus da ƙarfi don su ji.

Sai ran Laraba Inna Tsahara ta shigo,
zanenta na warin albasa,
ta miƙo mini waya a ƙulle cikin leda:
hoton mota ta ƙone a hanyar Agadas,
wai har da ɗanta Mantau.
Na bi hoton baya-baya
kamar mai bin sawun raƙumi,
na iske shi a wata ƙasa, ya shekara huɗu.
Ba ta ce na gode ba.
Ta zauna a kujerar yara
ta yi kukan da ta riƙe tun asuba,
sannan ta tambaya ko ina cin gyaɗa.

Barira ta kawo aikin da waya ta rubuta mata,
wai Adar ƙasar jiragen ruwa ce.
Na sauko da taswirar da gara ta ci kusurwarta,
muka yi dariya, ta are ta.
Da biro na sa ranar maidowa.

Tsoho Nomau mai haƙar rijiya
bai san baƙi ba, na boko ko na ajami,
amma ya san gaba nawa ruwa yake a ƙauye talatin.
Duk Asabar yana zuwa, in danna, ya yi ta faɗi.
Har yau ban san kantar da zan sa shi ba.

In aka ɗauke kuran ɗakin kan yi tsit,
fanka ta tsaya, fuskoki su ɗago.
Wani yaro, don zafi da rashin abin yi,
ya miƙa hannu ya jawo littafi.
Ni kuwa in yi kamar ban gani ba,
ina goge hatimi da bakin riga.