Awon Riɗi

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
akwai ɗakin shan magani mai shuɗiyar ƙofa.
Ni ke riƙe da rajista.
Shekara goma sha ɗaya ina jan layi da biro,
ina raba ciwo gida-gida:
zazzaɓi nan, gudawa nan, harbin kunama can.
A ƙarshen shafi akwai wani gida
ƙanƙane kamar kafar allura.
A watan jiya, biyu na rubuta a cikinsa.

Majzub ya zo da la'asar daga ofishin ƙungiya,
ya karɓi shayi, ya miƙo mini waya.
Duba nan, Inna Tabawa, an jera ƙasashe.
Ga wata can a ƙasar ƙanƙara,
lambarta ta miƙe kamar hasumiya.
Ga mu nan ƙasa-ƙasa, da ƙyar ido ke kama mu.
Ya ce, ko dai mun fi su tsoron Allah ne?

Na ƙara masa sukari.

Biyu na rubuta.
Amma Barira ta zo ranar Talata, wai mararta ke ciwo.
Ta ƙi zama a benci.
Idonta na kan ƙofa, yayanta na bayan ƙofar.
Na tambaya sau ɗaya, a hankali.
Ta ce faɗuwa ta yi a bakin rijiya.
Faɗuwa na rubuta.

Wata ta sauko daga motar Madani da silifa wari guda,
ba ta roƙi ƙwaya ba, ba ta roƙi allura ba,
sabulu kawai.
Sabulu ba shi da gida a rajista.

Da yaron nan mai turin baro
da ya daina magana tun kaka.
Takardarmu ba ta ma ja wa maza layi ba.

Tambayar kanta daga nesa take tasowa.
Da Turanci aka haife ta, tsirara,
a Larabci ta ɗaura zane,
kafin ta iso bakina da Hausa ta yafa mayafi:
wani ya taɓa ɓata miki rai?
To, wace ce ba a ɓata wa rai ba?
Na ji an ce a can kowane dare lissafinsa daban.
A nan, in mijinki ne, abin ko suna ba shi da shi.
Mudu biyu, Majzub, ba bakinsu ɗaya ba,
sai ka jera su kana neman wanda ya fi cika.

Je ka tsaya wurin dillalai gobe da safe.
Sikeli ba ya ƙarya.
Abin da aka ɗora masa yake faɗa.
Buhun da ya huje tun daga Doka,
riɗin da ya bi hanya yana zuba,
wanda tsuntsu ya tsince, wanda taya ta niƙe,
wannan ba ruwan sikeli da shi.

Ya ce ai masana sun san da haka,
kowace ɗaya sukan ninka ta goma.
Na ce madalla. Wa ya ƙirga goman?
Wataƙila bakwai ne. Wataƙila arba'in.
Wanda ya auna shiru, da wane mudu ya auna?

Ya tafi da rahotonsa kafin magariba.
Na sa hannu a ƙarƙashin biyun,
don biyun ma gaskiya ne,
da ƙafarsu suka zo, da bakinsu suka faɗa,
ɗaya har muryarta ta dushe.

Na rufe taga, na wanke kofuna.
Hannun nan da ke jan layi,
shekara talatin ke nan da wani dare a gonar dawa,
bai taɓa rubuta mai shi a gidan kowa ba.

Na bar fitilar baranda a kunne.
Gobe Talata.