Ƙwaron da Mardiyya Ta Kawo

Shekara talatin da ɗaya ina buɗe cikin rediyo
a rumfar nan ta Shuwarin, bayan masu barkono.
Na san warin dalma in ta narke,
na san tarin lasifika in ajalinta ya matso.
Sai ga Mardiyya, 'yar ƙanena Tanimu,
wadda a da take tsince mini kusoshi a ƙasa,
yanzu cikin jirgin sama take buɗewa.
Ta warware takarda,
ta ɗora mini abu a tafin hannu.

Baƙi wuluk, bai fi ƙwayar gurjiya ba,
ƙafafu jere gefe da gefe kamar na shanshani.
Ta ce, "Baffa, shekararsa tara a sama.
Ya gaji, mun sauke shi."

Na ce, tuƙi yake yi a can?
Ta yi dariya har ta kifar mini da gwangwanin kusoshi.
"Ɗan aike ne.
Akwai mai auna nisan ƙasa, akwai mai auna gudu,
akwai mai leƙa tankin mai,
kowa a akwatinsa, ba mai ganin ɗan'uwansa.
Shi ke karɓar magana ya ɗora ta kan waya biyu
da aka murɗe kamar tufkar rama.
Baki ɗaya ke faɗa, kunnuwa ashirin na ji,
ba mai katse shi."

Na ce, ashe sanƙira ne.
Ta ce, "Sanƙiran da ba ya ƙara gishiri.
I da a'a kawai ya iya,
talatin da biyu a kowane numfashi,
ta ƙarshensu kuwa shaida ce.
Ka tuna wasan cika ko mara?
In aka ƙirga bai fito mara ba,
mai sauraro ya zubar da zancen,
ya jira na gaba."

Na yi shiru ina juya abin da farce.

Bara waccan na aika wa ubanta saƙo
kan kukar da ke iyakar gonarmu.
Cewa na yi a dakata da sara sai ta zubar da 'ya'ya.
Ya shiga bakin Ilu, ya kwana a teburin mai shayi,
kafin ya isa Katanga
ya zama "ka fita mini daga gona."
Amsar da ta dawo ma ban san baki nawa ta taka ba,
na dai haɗiye ta da zafinta.
Damina biyu ke nan gaisuwarmu ɗaga hannu.
Ba wanda ya ƙirga.

Bayan ta tafi na ɗora masa bakin mita,
ƙafa bayan ƙafa, don karambani.
Allura ko motsi.

Wajen la'asar sakaliya wani ya ratsa, ya nufi Dutse,
ƙasa-ƙasa, har awaki suka ɗaga kai.
A cikinsa wata na lallashin jariri,
wani ya cire takalmi yana gyangyaɗi,
ƙarƙashin ƙafafunsu ƙwari na raɗa:
i, a'a, a'a, i,
nisanmu kaza, manmu kaza.

Mai wata tsohuwar rediyo ya ce zai dawo kafin magariba.
Ya yi haƙuri.
Na sa ƙwaron a aljihu, na ja ƙyauren rumfa,
na duba tayar keke, ta baya ta ɗan yi sanyi.
Za ta kai ni Katanga haka nan.