Rabon Faifai a Slough

Ƙarfe biyu na dare a Slough.
Ruwa na tsiyaya a kan rufin kwano,
ni kuwa ina ciki, inda ba rani ba damina,
sai sanyin da aka saya da kuɗi
da gurnanin fankoki dubu.

Na'ura arba'in aka kawo ran Talata.
Na buɗe cikin ta farko, wayam,
ba faifai. Haka masu ita suka so.
Kowacce in ta farka
sai ta miƙa hannu ta zaren gilashi
har rumbun da ke ɗaki na uku,
ta ce: ba ni sunana,
ba ni abin da na sani jiya.

Ni aikina yanka.
An ɗibar wa kowacce fili a rumbun,
ni ke ja masa layi.
Kason farko ɗan mitsitsi,
megabait ɗari biyar da sha biyu,
zaure ne kawai, nan ake sa takalmi a fita.
Na biyu uwar ɗaki.
Na uku na surutu ne,
inda na'ura ke rubuta duk tarin da ta yi,
na ware shi gefe, na yi masa katanga,
don mai yawan magana
in ba a tsaga masa iyaka ba
sai ya cika gida har a rasa wurin kwana.

Gethin ya leƙo da kofin shayinsa mai tsagagen baki.
Shekara ashirin da shida yana wannan dare.
Ya ce, dakata.
Ya sa yatsa a allo, faifai huɗu na gani.
Ya ce, guda ne.
Ta hanya huɗu ya zo maka, shi ya sa.
Ka yanka su ɗaya bayan ɗaya
ka yanka abu guda sau huɗu.
Na janye hannuna kamar na taɓa murhu.

Wayata ta yi motsi a aljihu.
Tanimu ne, daga Ɗanja, bai yi barci ba shi ma.
Hoton takarda ya turo, an raba gonar Baba.
An kira mai unguwa, an ja igiya,
an dasa gamba a kan kowane layi.
Nawa shi ne siririn nan na bakin rafi,
wanda tsamiya ta cinye rabinsa da inuwa.
Ya ce, ka yarda?
Mu huɗu ne.
Kowa ta hanyarsa ya san mutumin,
ni ta waya na san shekarunsa na ƙarshe.

Ban ba shi amsa ba tukuna.
Na haɗa hanyoyin huɗu suka koma suna ɗaya,
na daidaita bakin kason farko
kada ya faɗa tsakiyar kunya,
na bar ɗan fili a ƙarshe ban ba kowa ba,
ko wata rana wani zai yi girma.
Na karanta sau biyu.
Gethin ya karanta sau ɗaya, ya kurɓi shayi.
Na danna.

Shiru, irin na jiran guga ta taɓa ruwa.
Fitila ruwan goro. Har yanzu ruwan goro.
Sai kore.
Ta sami zaurenta daga nesa,
ta tashi da abin da ba a cikinta yake ba.

Na rubuta wa Tanimu: na yarda,
amma kada a sare tsamiyar.
Saura talatin da tara,
kuma shayin injin nan ba shi da sukari.