Mudun Iska

Wai masu lafiya suke nema.
Na tsaya gaban allon sanarwa ina dariya,
ran wata Talata a Sheffield, ruwa na tsiyaya:
asibiti da cigiyar wanda ba ya ciwo?
Yau ga rijiya ta fito neman guga.

Na ajiye makullan bas, da agogo,
da bel, da tsabar da ke aljihu,
don maganaɗisun ɗakin nan, in ji Rhian,
ko allura ya gani sai ya fizge.
Ta ce, ka taɓa busa sigari?
Na ce sau ɗaya, ina ɗan sha huɗu, bayan tashar Gusau,
na yi tari har na ga taurari da rana tsaka.
Ta rubuta: bai taɓa ba.

Aka ɗaura mini sulke mai wayoyi a ƙirji,
aka toshe kunnuwa,
gado ya zarce da ni cikin farin rami
kamar gurasa za ta shiga tanderu.
Ga wata leda a kumbure, da tiyo a bakinta.
Zenon, ta ce. Ba wari, ba launi,
amma ita na'ura ke gani, duk lungun da ta shiga.

Fitar. Ja. Fitar.
Yanzu zuƙe ta duka.
Riƙe.

Sai na'ura ta hau lugude
kamar masu bugun shadda ana gobe Sallah.
Ɗaya. Biyu. Leɓɓana suka yi sanyi.
Uku. Daƙiƙa goma ai ba komai ba ce,
na sha yin nutso fiye da haka a gulbi.
Huɗu. Biyar.
Ban gayyace shi ba, Yaya Ɗanlami ya shigo.

Shekara sha tara yana fasa dutse a Mpape,
ƙyalle ɗaya a hanci, shi ma in ya tuna.
Kowace tifar tsakuwa da ta tashi
akwai kuɗin makarantata a ciki.
Shida. A ƙarshe, daga gado zuwa ƙofa
sai ya yada zango sau biyu.
Bakwai. In na kira waya
gaisuwa ma kashi uku yake raba ta:
ina,
kwana,
ƙanena.
Takwas. Ni kuwa ina duba agogo, katina na ƙarewa.
Tara.

Saki.

Na buɗe baki in ce na gode,
sai wata murya ta taso daga ƙasan rijiya,
mai kauri, mai jan ƙafa, ba tawa ba.
Rhian ta yi dariya: nauyin iskar ne, yanzu za ta washe.
Ban ce mata na san mai muryar ba.

A kan allo ta nuna mini su:
ɓari biyu, kamar goron da aka ɓara,
haske ya cika su har gefe,
ba inda iska ta yi sallama aka hana ta shiga.
A na marasa lafiya, ta ce, za ka ga baƙaƙen ramuka,
ɗakunan da aka rufe, ba a ƙara buɗewa.
Sai mun san cikakke muke gane mai giɓi.
Naka mudu ne, da shi za mu auna na wasu.

Mudu.
To wa ya cika shi?

A baranda na wuce wani tsoho,
tsohon mai wasa wuƙaƙe a masana'antar ƙarfe,
yana jan tulun iskarsa a kan taya
kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.
Ya ɗaga mini gira. Magana tsada gare ta.

Fam ashirin suka ba ni na mota.
Ƙarfe huɗu na karɓi aiki.
A tashar kan tudu, wajen tsohuwar majami'a,
na hango wata a madubi, tana tafe tana tsayawa,
hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya na roƙona.
Na riga na makara da minti uku.
Na bayana suna ta hon.
Na ja birki, na bar ƙofa a buɗe,
ina ƙirga mata a hankali.