Jan Biro

Ni ne malamin da iyaye ke biya,
wani wata da sefa, wani wata da tiyar dawa.
Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da aji uku a Tashar Gawo,
kan hanyar Gidar, in ka sauka daga kwalta ka yi dama.

Ɗari da arba'in da uku,
haka suke bara, ban da ƙannen da ake goyowa.
Bencin mutum uku, shida ke matsuwa a kai,
na bakwai ya ari gwiwar wani.
Saura a ƙasa, kan buhunan taki, har gindin allo.
In zan rubuta layin ƙarshe
sai na ce, "Tizi, janye ƙafarka."
Kwanon rufi kuwa rariya ne,
hadari na haɗowa ta wajen Figil
kowa zai cusa littafinsa cikin riga.

Sai aka ce za a gyara.
Siminti da kwano daga sama,
yashi da ruwa a wuyan gari.
To, wa ya fi kusa da yashi?
'Yan ƙetaren mayo.
Kowace Asabar ga su nan jere,
mai tasa, mai bokiti, mai tsohuwar garwa.
Larai, 'yar Shekarau mai facin keke,
sawu tara ta yi rana ɗaya, da idona na ƙirga,
har gammo ya cinye mata kitso.

Gini ya tashi. Bango ya sha shuɗin fenti.
Tsofaffi na zuwa da yamma su shafa taga,
su ce ashe da rabon mu gani.

Ana saura kwana huɗu a koma
sufeto ya iso kan babur, taswira naɗe a hammata.
Ya shimfiɗa ta kan sabon tebur,
ya danne gefe da makullansa.
Ya ce doka sittin ta sani a aji ɗaya.
Ya zaro jan biro ya bi mayo da shi
tun daga tsamiya har mashayar shanu.
Na yamma su zauna,
na gabas su koma Wuro Lande.
Wuro Lande! Tafiyar sa'a biyu ga ƙafar yaro,
rumfar zana biyu,
da malami ɗaya da har yau takardarsa ke hanya.
Jauro ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar.

Ba zan ɗora wa sufeto duka ba.
Ni ma na sha roƙon Allah a sujada
ya ba ni ajin da zan ji muryar na baya.
Ban dai faɗi ta yadda za a yi ba.

Ran Litinin ni aka miƙa wa takardar.
Zurmba. Talle. Astajam. Mati ƙarami da Mati babba.
Njidda, da ya fara haɗa baƙi a watan jiya.
Tamanin da ɗaya na kira,
kowa na amsa "Na'am" yana tsammanin rabon benci ne.
Da suka gane, Larai ta ɗaga hannu, kamar yadda na koya mata.
"Mushe, yashinmu fa?"
Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta.
Na duba takardar kamar amsar na ciki.

Yanzu ina ratsa tsakiyar aji ina kaɗa hannu,
ina jin karar takalmina.
An yi ruwa shekaranjiya, ko ɗigo bai taɓa mu ba.
Tizi ya miƙe ƙafa son ransa.

In na buga ƙarfen taya da safe
sautin ba ya tsayawa a bakin mayo.
Wajen ƙarfe tara nakan ji motsi a bayan bango,
tari, da ƙarar alli kan ƙaramin allo.
Su bakwai ne jiya, yau ban leƙa ba.
Tagar gabas dai ba na rufe ta,
kuma na koma ɗaga murya irin ta bara,
har na gaba suna tambaya ko kurumta ta kama ni.